Ɗan Kokawar da Akushi Ya Kayar

An yi wani mutum a ƙauyukan nan namu na wajen Ɗanbatta, inda gonar wannan take jingine da ta wancan. Ba zan faɗi sunansa ba, kuma sunayen danginsa da za ku ji na aro ne, domin yana da 'ya'ya a raye. Wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a yake buƙata, ba tonon silili ba. Labarin kawai nake so ku riƙe.

Allah ya ba mutumin nan jiki. Tun yana saurayi shi kaɗai yake ciccibar buhun gero ya ɗora wa jaki, ba ya neman mai kama masa. Idan aka yi gayya, kunyarsa ce take fara isa ƙarshen gona. Da kaka ta yi, an gama girbi an share fage, sai ya zama shi ne abin kallo, domin ɗan kokawa ne. Daga garuruwa ake zuwa ganinsa. Makaɗa su kira kirarinsa, mata su rangaɗa guɗa, ya shiga ya kayar, a ɗauke shi a kafaɗa.

A wancan lokacin ma yana da ci, amma ba wanda ya ga laifinsa. Mutumin da ya wuni yana huɗa tun sassafe har rana ta karkata, wa zai ƙirga masa loma? Zai ci tuwon dawa da miyar kuka har sai ya ga ƙasan akushi, ya kora da fura da nono. Washegari gona ta karɓe abinta. Abin da ya shiga ta baki, ya fita ta gumi.

Shekaru suka tura. Ya yi aure, ya haihu, samari suka taso, ya bar musu fage. Ya shiga dillancin gyaɗa da hatsi, Allah kuma ya buɗa masa. Ya sayi babur, ya bar wa 'yan ƙwadago gonarsa, ya samu benci a rumfar kasuwa ya zauna.

Ya 'yan uwa, babu laifi a cikin wannan. Kasuwanci halal ne, hutu kuma ni'ima ne. Inda gizo yake saƙar shi ne, ya ajiye fartanya amma bai rage akushi ba. Ƙarawa ma ya yi. Tuwon dawa ya zama abincin talaka a idonsa. Da safe shayi mai kauri da madarar gwangwani da suga har sai cokali ya yi nauyi. Da rana shinkafa tana iyo cikin mai. Da yamma balangu, kuma sai ya ce wa mai naman: wajen kitsen nan za ka yanko. Ruwa ma ya raina shi, sai lemon kwalba. Masallacin da ke bayan gidansu, wanda tsofaffi suke zuwa da sanda, shi a kan babur yake zuwa.

Duk da haka akwai wata yunwa da take cinsa, wadda ba a ciki take ba. Mutumin da ya saba a kira sunansa a tsakiyar taro, yanzu yana wucewa yara ba su san ko shi wane ne ba. Guɗar nan yake kewa. Wannan ita ce ƙofar da Shaiɗan ya samu a buɗe.

Wata rana aka yi walimar aure a unguwarsu. Aka ajiye babban faranti na shinkafa da nama, irin wanda majalisa guda take haɗuwa a kai. Wani ya tsokane shi ya ce, ina ƙarfin nan na da, ko ya tafi da ƙuruciya? Sai ya naɗe hannun riga, ya ja farantin gabansa, ya cinye shi tas shi kaɗai. Wurin ya kaure da tafi da shewa. A cikin masu kallo akwai Naziru, abokinsa mai shagon cajin waya a bakin kasuwa. Ya ɗauki abin a waya. Kafin mako ya zagayo, hoton ya bi wayoyi har ƙauyukan da mutumin bai taɓa takawa ba.

Ranar ya koma gida yana murmushi. Ya sami sabon fage.

Daga nan aka fara gayyatarsa suna da biki, ba don ya sa albarka ba, don ya ci a yi kallo. Masu nama suna kiransa rumfarsu domin jama'a su taru. Aka laƙaba masa Sarkin Ci, yana jin sunan yana washe baki. Ana kawowa, yana sharewa, wayoyi suna sama.

Ina tambayarku: wannan ci ne? Mai yunwa idan ya ƙoshi yana tsame hannu ya ce alhamdulillahi. Wanda yake ci don a yaba masa, yaushe zai ƙoshi? Bakin mutane ba shi da ƙasa. Allah ya halatta mana ci da sha, ya hana mu ɓarna. A nan an haɗa ɓarna da son a sani, kuma a unguwar da ake wannan shewa akwai gidajen da ba kullum suke ɗora tukunya ba.

Jiki bai yi masa shiru ba. Jiki ba ya cin amanar mai shi, sai ya yi ta aiko da manzanni kafin ya faɗi. Da farko ƙishirwa ce wadda ba ta yankewa. Sai yawan kewayawa. Sai haki idan ya taka daga zaure zuwa bakin titi. Ruku'u ya fara yi masa wuya, sujada ta gagara, har aka kai masa kujera sahun baya, shi da bai kai hamsin ba, yana zaune dattawa suna tsaye. Azumi ya zo, wanda Allah ya sanya ya zama horo ga ciki. Shi kuwa da an sha ruwa sai ya rama na wunin har da riba.

Matarsa Safara'u ce ta fara tsorata. Ta lura kiyashi suna taruwa inda ya yi fitsari, ta kuma taɓa jin mata suna cewa alamar ciwon suga ce. Ba ta iya tunkararsa ita kaɗai ba, sai ta je ta gaya wa yayansa Khalilu. Khalilu manomi ne, siriri kamar karan dawa, ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma har lokacin da ƙafa yake zuwa gonarsa, da hannunsa yake nome ta. Shi ya lallaɓa shi suka je asibiti.

Aka auna jininsa. Likita ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: akwai suga, akwai hawan jini, kuma duka biyun sun yi nisa. Amma ya ce ba a makara ba. Ya rage zaƙi da gishiri da kitse, ya koma wa ganye da wake da hatsin gida, ya riƙa takawa da ƙafa kullum, ya sha magani a kan ƙa'ida, ya riƙa dawowa ana dubawa. Ya ce masa mutane da yawa suna tsufa da wannan ciwo, har su ga jikoki.

Kun ji fa. Ba a ce ya sayar da gona ba. Ba a ce ya tafi wata ƙasa ba. Abin da aka ce ya ci yana bayan ɗakinsa: ga zogale, ga rama, ga wake a rumbu.

A hanyar dawowa ya ce wa yayansa, "Yaya, kowa da ajalinsa. Wanda ya ci zai mutu, wanda bai ci ba zai mutu. Ni gara in tafi da ƙoshina."

Khalilu ya ce, "Auta, lokacin da kake kokawa, kaye da nasara ba a hannun Allah suke ba?"

Ya ce, "A hannunsa suke."

"To me ya sa ban taɓa ganin ka shiga fage hannu sake ba? Shiri kake yi, ka kafa ƙafa, ka tsare ƙugunka. Yau da abokin karawar yake cikin jininka, yau ne za ka ce ka bar wa Allah?"

Ƙanin ya yi dariya, ya ce Yaya ya zama malami.

Ya 'yan uwa, ku tsaya a nan mu yi tunani, domin maganar da mutumin nan ya faɗa, da yawanmu mun taɓa faɗarta. Gaskiya ne, ajali ɗaya ne, ba ya gaba ba ya baya. Amma wa aka nuna wa nasa? Tunda an ɓoye mana, abin da ya rage a hannunmu shi ne aiki. Ai arziki ma rubutacce ne. Wa kuka taɓa gani a cikinku ruwan shuka ya sauka, ya kwanta a ɗaki ya ce abin da aka rubuta zai shigo rumbu da kansa? Idan ana maganar gona mun san sababi. Sai an zo maganar abin da ranmu yake so, sannan mu tuna da ƙaddara. Wannan ba tawakkali ba ne. Son zuciya ne ya ari rawanin tawakkali ya naɗa.

Safara'u ta yi iya ƙoƙarinta. Ta rage mai, ta rage gishiri, ta kwaɗa masa zogale, ta tuƙa tuwon dawa mai laushi. Ya ɗanɗana ya ture, ya ce, "Ni majinyaci ne da za a ba ni abincin akuya?" Ya hau babur ya tafi wajen mai shayi. Maganin asibiti ya sha na ɗan lokaci, da ya ji dama-dama sai ya watsar. Ya sayi wani gari a wajen masu tallar magani da lasifika, domin mai shi ya ce wanda ya sha wannan ya ci duk abin da ya ga dama. Abin da kunnensa yake son ji ke nan.

Mahaifiyarsu, Inna Furera, tana nan a gidan. Tsohuwa ce tukuf, amma ita take tsinko kukarta, ita take share tsakar gida, ita take kai wa awakinta harawa. Ba ta da yawan magana. Takan dube shi idan yana fama da tashi daga tabarma, ta kawar da kai.

Sai wata bazara, ranar kasuwar Ɗanbatta, aka shirya gasa. An ce akwai wani gwanin ci daga wani gari da ya yi cika baki cewa zai kunyata Sarkin Ci. Labari ya bazu, samari suka ɗauka.

Da safen ranar ya tashi da ciwon ƙeya, kansa yana sarawa, hannunsa na dama yana masa nauyi. Safara'u ta ga yana murza hannun. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Baban Tahira, don Allah ka bari. Ka je a duba ka tukuna. Kasuwa ba ta ƙarewa."

Ya ce, "Ki ce in gudu? A ce na ji tsoro?"

Yana tura babur zai fita, Inna Furera ta yi magana daga bakin ɗakinta. Ta ce, "Auta, zauna yau."

Ya ce, "Yanzu zan dawo, Inna." Ya fita.

Rana ta take, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Rumfar mai nama ta cika, har da masu hawa kan buhuna don su hango. Aka jera nama, aka jera lemo, aka zaunar da su biyun suna fuskantar juna. Aka fara. Wayoyi suka tashi sama. Wani tsohon makaɗi da ya san shi tun zamanin fage ya ɗauko kirarinsa na da, sai ya ƙara ƙaimi.

Ana cikin haka tsokar nama ta suɓuce daga hannunsa. Ya kai hannu zai ɗauka, hannun ya ƙi. Bakinsa ya karkace gefe guda. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wani gurnani ya fito wanda ba a gane komai a ciki.

Kun san abin da jama'a suka yi? Dariya suka yi. Sun zaci wasa ne, sun zaci sabon salo ne ya fito da shi. Ya sulale ta gefe ya kwanta a cikin ƙasusuwan da ya tara, idonsa a buɗe yana kallonsu, su kuma suna shewa suna cewa Sarki, tashi, ba a gama ba. Yana neman taimako da ido, ana ɗaukarsa a waya.

Khalilu ya kawo wake kasuwa ranar. Hayaniyar ce ta ja shi. Ya kutsa cikin taron, yana ganin fuskar ƙaninsa ya yi salati da ƙarfi. Salatin nan ne ya kashe dariyar. Aka tari motar haya, sai da ƙarti suka taru kafin a iya sa shi a ciki, aka nufi Kano.

Allah ya yi da sauran kwana. Bayan makonni aka dawo da shi gida, ɓarin jikinsa ya shanye. Ba hannu, ba ƙafa ta dama, harshe ya yi nauyi. Abin da ya fi komai ban tausayi shi ne, haɗiya ma ta zama aiki. Kunu ake damawa tsararo, Safara'u ta tallafo kansa, Inna Furera ta riƙa ɗiga masa da cokali, rabi ya shiga, rabi ya biyo gefen baki ta share da bakin zanenta.

Masu tafin nan fa? A makon farko sun zo dubiya. Daga nan ƙafa ta ɗauke. Masu nama suka sami wani. Naziru dai ya zo, ya zauna a bakin ƙofa ya yi kuka, ya ce ya goge duk abin da ya ɗauka. Amma ya goge na wayarsa ne kawai. Wata rana da la'asar mutumin yana kwance a tsakar gida, sai ya jiyo muryar kansa ta bayan katanga. Wasu ne suke wucewa suna kallon tsohon hotonsa, yana cewa a ƙaro nama, su kuma suna ƙyalƙyata dariya. Safara'u ta ce hawaye ne kawai ta ga yana gangarowa cikin kunnensa.

Dillanci ya tsaya. Aka sayar da babur. Khalilu ya haɗa gonar ƙaninsa da tasa yana nomawa, don 'ya'yan su samu abin ci. Babbar 'yarsa Tahira ta yi aure yana kwance, bai iya fitowa ya karɓi baƙi ba.

Da damina ta yi, gero ya fitar da kai, ya yi ta nuni da hannun hagu yana wani sauti har suka gane gona yake so a kai shi. Khalilu ya aro amalanke, aka shimfiɗa tabarma, aka tura shi har bakin gona. Ya daɗe yana kallon masu noma suna sunkuyawa suna miƙewa. Sannan ya kamo rigar yayansa, ya yi ta kokawa da harshensa har kalma ta fito. Ya ce, "Da na ji."

Khalilu ya ce, "Ka ji yanzu, Auta. Ka nemi gafara, ƙofar ba ta rufe ba."

An ce daga ranar carbi bai bar hannunsa na hagu ba. Ya ƙara ganin wata daminar, a kwance, yana ramewa. Kafin a yi girbi Allah ya karɓi abinsa.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce duk mai suga ko mai hawan jini mai zunubi ne. Ban faɗa ba. Akwai bayin Allah da suka gaji ciwon, akwai waɗanda suka kiyaye iya kiyayewa ya same su, kuma haƙurinsu lada ne. Ban kuma ce na san makomar mutumin nan ba. Muna kyautata masa zato, wataƙila jinyar ta wanke shi. Abin da nake cewa shi ne: jikin nan ba namu ba ne. Aro aka ba mu, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Idan maƙwabcinka ya ara maka jaki, ba ka yi masa lodin da zai karya masa baya. Ina ga abin da Ubangiji ya ara maka?

Malamanmu sun karantar da mu a raba ciki uku, a bar wa abinci wuri, a bar wa ruwa, a bar wa numfashi. Kai da ka bar gona ka koma shago, ko ofis, ko kan babur, cinka na manomi ne ko na mazauni? Yaushe rabon da ka yi gumi? Yaushe rabon da ka je a auna ka? Idan matarka ta rage gishiri don tana son ka daɗe, godiya kake yi ko faɗa? Kuma ku masu zuga mutum a kan abin da zai halaka shi don ku sami abin dariya, ku sani tafin ma ana rubutawa.

Ciwon mutum ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai. Ranar da mutumin nan ya cika, ana shirin aikawa kasuwa a sayo likkafani, sai Inna Furera ta ce a dakata. Ta shiga ɗaki, ta buɗe tsohuwar adakarta, ta fito da farin yadi a naɗe. Nata ne. Ta daɗe da tanadarsa, kamar yadda tsofaffinmu suke yi. Ta miƙa wa Khalilu, ta ce, "Na ajiye ne don ku biyu ku sa ni. Ungo, ka rufe ƙaninka."

Waɗanda suka yi masa sutura sun ce, da a shekarun baya ne da yadin bai zagaye shi ba. Ranar ya ishe shi, har ya yi saura.

Ya Allah ka gafarta masa, ka ba tsohuwar nan haƙuri, ka raya abin da ya bari. Ka sa mu zama masu jin magana tun ƙafafunmu suna ɗaukarmu. Ka ba mu lafiyar da za mu yi maka sujada da goshinmu har ƙarshen kwananmu. Daga sharrin cikinmu, da sharrin son yabo, Allah ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.